Idan an halasta wiwi, aljihun wa kuɗin za su shiga?

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da magana, a yi mani haƙuri don za ta ɗan yi tsawo. Daren jiya bayan isha'i ina zaune ƙofar gida ina lissafin albasar da ta lalace mani a rudu. Buhu sittin na zuba, da na buɗe makon jiya ashirin da biyu sun zama ruwa, wari har gidan maƙwabta. Ina cikin wannan jimami sai ɗan ƙanwata, wanda ya gama karatun tattalin arziki bara, ya ce mani: "Kawu, da gwamnati za ta halasta noman wiwi da ka huta da wannan asara, ita ba ta ruɓewa haka, kuma da dala ake sayenta." Na ɗauka wasa yake, sai na ga ya dage, har yana nuna mani bidiyo a waya.

Wallahi ban yi barci da wuri ba. Yaron nan ko sigari bai taɓa sa wa bakinsa ba, ba ya wasa da sallah, amma maganar ta zauna masa har zuci. In shi ya yarda, to akwai dubunsa a garin nan. Shi ya sa na ce ya zo ya faɗi hujjarsa gaban manya, masu sani su warware mana. Ni tambayata guda ce: kuɗin nan da ake ta kururutawa, in an halasta, aljihun wa za su shiga?

Autan Inna:
Wa alaikumus salam. Kawu, na gode da ba ka rufe ni da faɗa ba. Iyayena da yayyena na zaure, ga abin da nake nufi.

A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018, an samu mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da kayan maye a Nijeriya. Miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha. Wannan fa bayan an shafe sama da shekara hamsin ana hani. Dokar soja ta 1966 har hukuncin kisa ta tanadar wa mai nomanta, aka sassauta a 1975, aka kafa NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a 1989, amma har gobe dazukan Ondo da Edo da Osun suna fitar da ita. Ke nan kasuwar tana nan tana ci. Kullum kuɗi na sauya hannu, gwamnati ba ta samun ko kwabo, sai ma kashewa da take yi wajen kame da shari'a da ciyar da fursuna.

Jihar Kolorado ta Amurka ta fara sayarwa a fili a Janairun 2014, zuwa 2019 harajin da ta tara ya haura dala biliyan 1, kuma an ware wani kaso don ginin makarantu. Kanada ta halasta a Oktoban 2018. Lesoto ta fara ba da lasisin noma a 2017. Maroko, ƙasar Musulmi, ta yi tata dokar a 2021. Marigayi Gwamna Akeredolu na Ondo har Tailan ya je a 2019 don ya ga yadda ake yi. Ni ban ce a sha ba. Cewa na yi a noma don magani da masana'antu, a fitar waje, a samo dala.

Ɗan Illela:
Auta, Allah shi yi ma albarka, amma bari in tambaye ka. Albasa halas ta, ko? Shekara goma sha bakwai ina ɗaukat ta daga Sakkwato, in bi Illela in hita Ƙonni, wani zubin har Gana. Cikin dud masu cin abinci da ita, manomin da yad dasa ta, yab ba ta ruwa wata huɗu da man da yas saya bashi, shi na mai ƙaramin rabo. Dillali shi ci, mai mota shi ci, kowane shinge munka iske ga hanya a miƙa hannu. Wanga abu da ba a ɓoyo ke nan, kowa na ganin buhunan. To mi za ya sauya in an ce wiwi ta? Ɗan'uwanka na Wurno ko Gada ba shi ganin dala, ni na hwaɗi maka.

Basakkwace a Kanada:
Salam. Yaya Baban Hafsa, Allah ya mayar da alheri kan albasa. Ni shekara tara nake a nan, a idona aka yi wannan halastawar, bari in faɗi abin da na gani.

Gaskiya ne akwai shaguna, a titin da nake bi zuwa aiki ma akwai guda uku. Tsaf suke kamar kantin magani, gilashin a rufe ba ka ganin ciki, a bakin ƙofa sai an duba katinka an ga shekarunka. Kowane ƙunshi da tambarin haraji da rubutun ƙarfin abin da ke ciki. Gwamnati tana samun kuɗi, wannan ba ƙarya ba ne, kuma kashi 75 cikin 100 na harajin ganyen larduna ake bai wa.

Amma Auta, bidiyon naka bai nuna maka ɗaya ɓangaren ba. Lokacin da za a halasta, mutane sun zuba dukiyarsu a hannun jarin kamfanonin wiwi kamar ana rabon gado. Aka gina gidajen gilashi manya manya, aka noma abin da ya fi ƙarfin kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Tan-tan aka riƙa lalata ganyen da ba a sayar ba. Canopy Growth, wanda shi ne zakaran kamfanonin a lokacin, ya sallami ma'aikata 800 a farkon 2023. Kamfanin nan shi ne ya sayi gona a Lesoto a 2018, ya tattara ya bar ta a 2020. Akwai abokin aikina da ya sa kuɗin da yake tarawa na sayen gida a wannan harka, yau ko maganar ba ya son a ɗauko masa.

Kolorado ɗin ma, shekarar da ta fi samu ita ce 2021, wajen dala miliyan 423, daga nan ya fara sauka. Kuma in ka ɗora shi kan kasafin jihar gaba ɗaya, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Kuɗi ne, amma bai kai a ce zai ɗauke wa ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 talauci ba.

Abin da ya fi ci mani rai kuma: ku duba labaran kamen da NDLEA ke yi a tashar jiragen ruwa ta Legas, sau nawa kuke jin an kama wiwi mai ƙarfi da aka ɓoye cikin motocin da aka shigo da su daga Kanada? Mu da ake cewa za mu sayar musu, su ne suke turo mana rararsu.

Autan Inna:
Yaya, na karɓi gyara kan kamfanonin. Amma faɗuwar farashi ai alamar gasa ce, kuma a gasa mai arhar noma shi ke cin kasuwa. Su sai sun kunna fitila da na'urar ɗumama ɗaki rabin shekara. Mu muna da rana kyauta, ga madatsar Goronyo, ga fadamun Rima, ga matasa zaune ba aiki.

Basakkwace a Kanada:
Rana kyauta ce, gaskiya. Sai dai wadda ake saya don magani ba a baje ta a tabarma kamar barkono. Jamus, wadda ke cikin manyan masu saye, ba ta karɓar ko giram ɗaya sai gonar da ɗakin sarrafawar sun cika ƙa'idar haɗa magunguna ta Turai: gwajin ƙasa, gwajin ruwa, gwajin maganin ƙwari, ɗakin busarwa mai sanyi da wuta ba ɗaukewa, kyamara ko'ina, lissafin kowane tsiro. Wa ke da jarin wannan a Kware ko Goronyo? A Lesoto abin da ya faru ke nan. Mutanen kan duwatsu da suka gaji nomanta tun kakanni ba su iya biyan kuɗin lasisi ba, baƙi masu jari suka karɓa, 'yan ƙasa suka zama leburori, sauran kuma suka ci gaba da fasa-ƙwaurinsu zuwa Afirka ta Kudu kamar da.

Hajiyar Mabera:
Ni dai subhanallahi kawai nake ta faɗi. A garin Shehu ake wannan zance?

Baban Hafsa:
Hajiya, a yi haƙuri. Gara a yi shi nan gabanmu da a yi shi a bayan idonmu. Yaranmu suna jin sa a waya ko mun so ko mun ƙi.

Barista:
Salamu alaikum. Bari in ɗan raba zaren, don abu uku ake cakuɗawa wuri guda.

Na farko, a bar kowane baligi ya saya ya sha, irin na Kanada da Yurugwai. Na biyu, a ba da lasisin noma don magani da masana'antu kawai, irin na Maroko da Gana. Gana ma ta ƙayyade cewa sinadarin da ke sa maye kada ya wuce kashi 0.3 cikin 100, wato irin da ko an zuƙa ba ya bugarwa. Na uku, a bar haramcin yadda yake amma a daina jefa mai ƙulli ɗaya gidan yari.

A tsarin mulkinmu, sha'anin ƙwayoyi na cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Ko Ondo ko Sakkwato, babu majalisar jihar da za ta iya halastawa. An kai ƙudiri Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu na cikin waɗanda suka ɗauki nauyinsa, ya gamu da turjiya a 2023 bai wuce ba. Shugaban NDLEA, Janar Buba Marwa, ya sha faɗin cewa ba ya goyon bayan a halasta sha. A Disambar 2020 da aka kaɗa ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya kan cire wiwi daga rukunin ƙwayoyi mafi haɗari, 27 suka amince, 25 suka ƙi. Nijeriya na cikin masu ƙi, Maroko na cikin masu amincewa.

Ni inda zuciyata take shi ne na ukun, kuma nan ne Auta yake da gaskiyar da bai kamata a danne ba. Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Na taɓa tsaya wa wani yaro mai gyaran babur, an kama shi da ƙulli biyu a aljihu. Wata bakwai ya yi a tsare kafin a saurari maganarsa. Kafin ya fito mai rumfa ya ba wani wurinsa, kayan aikinsa sun watse, matarsa ta koma gidansu da goyo. Ya shiga yana shan wiwi, ya fito ya san dilolin ƙwaya uku da lambobinsu. Wanda ya loda buhunan a mota daga kudu kuwa ban taɓa ganin sa a kotun ba. Gwamnati ta ciyar da yaron nan wata bakwai, gari ya rasa makanike guda. Dokar Gana ta 2020 ta mayar da irin wannan laifi na tara maimakon ɗauri. Wannan gyara ba ya buƙatar a buɗe shago ko ɗaya.

Malamin Zaure:
Bismillahi. Auta, ɗana, na ji daɗi da ka zo da hujja ba da zagi ba, don haka zan amsa maka da hujja.

Alƙur'ani bai musanta cewa akwai riba a cikin abin maye ba. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta ce a cikin giya da caca akwai zunubi babba da kuma amfani ga mutane, amma zunubinsu ya fi amfaninsu girma. Malaman tafsiri sun ce daga cikin amfanin har da ribar ciniki. Ka ga lissafin da kake yi an riga an yi shi, an ɗora a sikeli, aka ce ɗaya ya rinjayi ɗaya. Kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce duk abin da ke sa maye haramun ne.

Malamanmu na Malikiyya sun yi magana kan wannan ganye tun ƙarnoni. Imam Ƙarafi a cikin Al-Furuƙ ya bambanta shi da giya, ya sa shi cikin masu ɓata hankali, wanda mai shansa ta'aziri ake yi masa ba haddi ba. Ibnu Taimiyya kuwa ya tsananta, ya haɗa shi da giya. Sun saɓa kan hukuncin mai sha, ba su saɓa kan haramcin gusar da hankali ba. A nan maganar Barista tana da wurin zama, domin ta'aziri abu ne da shugaba ke aunawa da maslaha, yana iya zama magani da horo maimakon kurkuku.

Batun magani kuma ƙofarsa daban. Allurar da ake yi wa mutum a gusar da hankalinsa kafin tiyata babu malamin da ya hana. In likitoci amintattu sun tabbatar wani sinadari daga ganyen yana maganin farfaɗiya, kuma ba ya bugarwa, wannan mas'ala ce da malamai da likitoci za su zauna a kai. Amma fiƙihu ya hana ka sayar da inabi ga wanda ka san giya zai matsa da shi. To ka tambayi kanka tsakaninka da Allah, gonar da za a yi a ƙasar nan, ina mafi yawan ganyenta zai ƙare?

Autan Inna:
Allah gafarta Malam, na gode. Tambaya ɗaya, ba don jayayya ba. Harajin kayan masarufi da ake tarawa a Abuja a raba wa jihohi duk wata, akwai na giya a ciki, kuma jiharmu tana karɓar kasonta. Me ya bambanta?

Malamin Zaure:
Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan ce maka babu abin dubawa a ciki ba. Ni kaina yana damuna. Amma wanda najasa ta fallatsar wa riga a hanya ba ɗaya yake da wanda ya haƙa masai a tsakar ɗakinsa ba. Wancan abu ne da tsarin tarayya ya cakuɗa mana, wannan kuwa mu za mu kai iri gona da hannunmu.

Malamar Jinya:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, yanzu na sauka daga aiki. Auta ƙanena, kai ka karanta lissafi, to ga wani shafi da ba ka saka ba.

Shekara goma sha ɗaya ina aiki da masu taɓin hankali. Ba na cewa duk wanda ya sha wiwi zai haukace, ƙarya ne, da yawa suna sha suna yawonsu. Amma ka zo ka tsaya ranar asibiti ka ga layin. Samari ne 'yan shekara sha takwas zuwa talatin, wani an ɗauro shi da igiya a bayan a-kori-kura, wani da mari a ƙafa daga gidan mai magani. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda aka yi a birane da dama na Turai, ya nuna mai shan nau'in nan mai ƙarfi kullum ya fi wanda ba ya sha haɗarin kamuwa da ciwon hauka kusan ninki biyar. Kuma kasuwar halas nau'i mai ƙarfin take bi, don shi mai saye ke nema.

Akwai wata tsohuwa da ba na mantawa. Daga wani ƙauye take zuwa da ɗanta, tela ne, an ce kafin abin ya same shi har yara uku yake koya wa ɗinki. Duk wata sai ta kwance bakin zanenta ta ƙirga kuɗin allura a gabana, 'yan ɗari biyu da ɗari biyar duk sun yi laushi. Ta sayar da jajayen awakinta ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta ce mani "ɗiyata, yau keken ɗinkin na sayar," sai da na shiga ɗaki na share hawaye. Shi yana zaune gefe yana kallon bango, hannunsa na rawa. A takardar gwamnati wannan ba ya fitowa a matsayin asara, don tsohuwar ce ta biya.

Kanada in yaro ya rikice akwai motar asibiti da gado da likita. Mu likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin Nijeriya ba su kai 300 ba. Asibitin masu taɓin hankali na Kware shi ke ɗaukar mutanen Sakkwato da Kabi da Zamfara, har da masu tsallakowa daga Nijar.

Sannan ku tuna kodin. Magani ne halastacce, mai lasisi, mai lambar hukuma, kamfanoni sanannu ke yin sa, doka ta ce sai da takardar likita. Ina ya ƙare? A jakunkunan 'yan mata da matan aure, har sai da gwamnati ta hana shi a Mayun 2018. Tiramol ma haka ya bazu. Kwalbar da aka ƙirga aka rufe a kwali ba mu iya tsare ta ba, balle ganyen da ke tsaye a gona.

Ɗan Illela:
Wallahi Malama kin hwaɗi gaskiya. Yaran mota nawa munka rasa ga wagga hanya.

Manomi daga Gabas:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, ɗana ke rubuta mani. Daga yankin Sabon Birni muke, shekara uku ke nan muna zaune Sakkwato gidan haya, gonata tana can ban iya zuwa. Kafin mu taso, sai mun biya kuɗi a bar mu mu yi shuka, mu sake biya a bar mu mu girbe. Gero fa, da dawa. Waɗanda ke karɓar kuɗin, in sun shigo gari warin abin nan ke riga su isowa, idanu jawur.

Ku dubi zinariyar Zamfara. Da aka gano ta an ce arziki ya zo. Yaran Bagega suka mutu da gubar dalma a 2010, daga baya ramukan suka koma hannun masu bindiga, har gwamnati ta hana haƙa a 2019. Duk abu mai tsada marar nauyi da za a ajiye a dajin da babu hukuma, mai bindiga ne zai gaje shi. Buhun gero sai an samu raƙumi ko mota. Wannan kuwa a bayan babur za a ɗauke na miliyoyi. Yaro, in kana son ka taimake mu, ka nemo mana hanyar komawa gonakinmu. Ƙasar ba ta gaza ba, mu aka kora.

Autan Inna:
Baba, Allah ya mayar da ku gida lafiya. Ba ni da amsar wannan, kuma ba zan ƙirƙiro ba.

Anti Malama, maganar kodin ta shige ni. Amma ku bar ni in riƙe abu ɗaya. Duk abin da kuka lissafa, layin asibiti, tsohuwa da awakinta, 'yan bindiga masu jan ido, duk a ƙarƙashin haramci suke faruwa. Dokar da muke da ita yau ba ta hana ko ɗaya ba. Yaro ɗan shekara sha huɗu yana samun ƙulli a bayan tasha cikin minti biyar, dila ba ya tambayar shekaru. Maroko ta ga haka ne ta ce manoman duwatsun Rif, da suka shekara aru-aru suna ɓuya, su shiga ƙungiyoyi su sayar wa kamfanoni masu lasisi, har Sarki ya yi wa sama da 4,800 afuwa a Agustan 2024. Ba ta halasta sha ba, kuma larduna uku kawai ta ba izini.

Barista:
Haka ne, amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: larduna uku, waɗanda dama can nomanta suke. Maroko ba ta kai iri inda babu ba. In za a kwaikwaye ta a Nijeriya, maganar Ondo da Edo ce, ba ta Rima ba. Mu nan ba masu noma ba ne, masu saye ne. Ko an yi, lasisi da gona da masana'anta da harajin suna kudu, abin da zai hauro mana shi ne ganyen da ya zube daga buhu, kuma da arha fiye da na yau.

Ka duba Tailan ɗin da aka je koyo. Ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi a Yunin 2022, har tsirrai gwamnati ta raba wa jama'a, da sunan magani da taimakon manoma. Shaguna dubbai suka buɗe, sha ya zama ruwan dare. A Yunin 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Jihar Kalifoniya ta Amurka kuma, shekaru bayan halastawa, kasuwar bayan fage ba ta mutu ba, don dila ba ya biyan haraji, kullum nasa ya fi arha. A 2022 sai da jihar ta soke harajin noma don masu lasisi su numfasa. In ka sa haraji mai yawa, mai saye ya koma wurin dila. In ka rage, kuɗin da aka yi abin dominsu sun tafi.

Hajiyar Mabera:
Ni tambayata, in zare da igiya ake nema a jikinta kamar yadda ake cewa na masana'antu, ina ramarmu? Tun muna yara da ita ake igiya, a ci ganyen a kwaɗo. Wa ya taɓa kafa mata masana'anta a nan?

Basakkwace a Kanada:
Hajiya kin taɓo wuri. Rama ana yin takarda da buhu da allunan cikin mota da ita a wasu ƙasashe, kuma babu wanda zai tsare ka a hanya saboda ita. Amurka ma da ta halasta irin wiwi marar maye a 2018, manoma suka ruga, cikin shekara biyu farashin ya karye, da yawa suka bar amfanin a rumbu babu mai saye.

Autan Inna:
Na ji. Na janye maganar cewa Kawu zai huta da asara, don na gane ko an yi ba shi za a ba lasisin ba. Amma ban janye cewa halin da ake ciki yanzu ma asara ce ba, kuma ina tare da Barista kan yaran da ake tsarewa. Ina kuma ganin in jami'o'inmu suka nemi izinin bincike kan maganin farfaɗiya daga ganyen, bai kamata a rufe ƙofa ba. Amurka ta amince da irin wannan magani tun 2018, ranar da za a kawo shi nan da dala za mu saya.

Malamar Jinya:
Bincike a ɗakin gwaji, ƙarƙashin kulle, ban ƙi ba. Ka zo ranar Talata da safe ka same ni, ka zauna gefe ka ga layin da idonka, sannan ka rubuta lissafinka da shafi biyun.

Autan Inna:
In sha Allahu zan zo, Anti.

Baban Hafsa:
Na gode wa kowa, Allah ya saka da alheri. Malam, a ci gaba da sa mu a addu'a. Baba na Sabon Birni, Allah ya kawo ƙarshen wannan masifa.

Auta, tunda kana da kai na lissafi, ga aiki. Mu goma sha huɗu ne a layinmu masu ajiye albasa, kowa bana ya yi asara, wani ma ta fi tawa. Ka bincika mana nawa zai ci a gina ɗakin ajiya mai iska, irin wanda ake ɗaga ƙasansa a yi masa tagogi, wanda zai ɗauki buhu dubu, da shekara nawa zai mayar da kuɗinsa in ruɓewar ta ragu ko da rabi. Ka kawo mani a rubuce ranar Juma'a bayan masallaci, in kai wa sauran.

Ɗan Illela, sauran buhu talatin da takwas ɗin nan ba zan ƙara kwana da su ba. Akwai wuri a motarka?

Ɗan Illela:
Akwai, Alhaji. Jibi da asuba muka tashi. A sake zaɓe su yau a hid da masu laushi, a canza buhu, kada guda ta ɓata min sauran kaya kahin Ƙonni.